Labarin Likita Denis Burkitt, 1911 zuwa 1993

A cikin cututtukan da ke kama yara a ƙasashenmu na zafi akwai wata wadda likitocin duniya duka su ke kira da sunan mutum guda, watau ciwon Burkitt. Wata irin sankara ce. Ta kan fito wa yaro a muƙamuƙi ko a ciki, ta kuwa fi kama 'yan shekara huɗu zuwa goma, watau dai tsaran waɗanda za ku tarar a ƙananan azuzuwa ran da aka tura ku koyarwa. Mutumin da aka sa wa ciwon sunansa likitan fiɗa ne na gwamnati, ba shi da ɗakin bincike, ba shi da kuɗin kirki, ido ma ɗaya gare shi.

An haifi Denis Parsons Burkitt ran 28 ga Fabrairu, 1911, a wani gari wai shi Enniskillen, can arewacin tsibirin Ailan, yamma da Ingila. Ubansa, James Burkitt, injiniya ne mai duba hanyoyi da gadoji na lardinsu, amma wajen sha'anin tsuntsaye sunansa ya fita. Akwai wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji a ƙasarsu, bai fi gwara girma ba. Sai ya riƙa kama su ɗaya ɗaya, ya sa wa kowanne zobe a ƙafa yadda zai shaida shi in ya sake ganinsa, kana ya sake shi. Sa'an nan ya zana taswirar unguwarsu, duk inda ya ga tsuntsu sai ya ɗiga alama. Da haka ya gane ashe kowane tsuntsu da iyakar ƙasarsa, kamar dagaci da dagaci. Yaro ya tashi yana ganin uba da fensir da taswira da zobba.

Yana da shekara goma sha ɗaya, wata rana yara suna jifa da duwatsu a makaranta, sai dutse ya same shi, ya fasa masa tabarau, ya lalata idon dama. Aka yi iyakar ƙoƙari, ido bai gyaru ba, aka cire. A makaranta ba a lissafa shi cikin masu kaifin ƙwaƙwalwa ba. A 1929 ya shiga Kwalejin Trinity ta birnin Dablin don ya koyi aikin ubansa, abin bai karɓe shi ba. Mutum ne mai riƙon addininsa na Kirista ƙwarai, ya kuwa ga a ransa aikin jinyar mutane ne aka nufe shi da shi, sai ya koma sashen likita. Nan ya sami kansa. Ya gama a 1935, ya ci jarrabawar manyan likitocin fiɗa ta Edinbara a 1938.

Ya nemi aikin likita a ƙasashen da Ingila ke mulki a Afirka, aka ƙi shi, aka kawo zancen ido. Da Yaƙin Hitila ya yi zafi sai ga shi soja sun ɗauke shi da idon nan guda, suka kuma kai shi Kenya da ƙasar Somaliya, ya yi ta fiɗa ba wanda ya yi kuka da aikinsa. Cikin yaƙin nan ne, a 1943, ya auri wata mai aikin jinya, Olive Rogers, suka haifi 'ya'ya mata uku. Da yaƙi ya ƙare ya sake nema. Wannan karo ba sauran abin faɗi, aka ɗauke shi, aka tura shi Yuganda a 1946.

Aka fara ajiye shi a Lira, cikin ƙasar Lango, wani ɗan asibitin daji. Masu gwaiwa suka yi ta zuwa ana yi musu aiki. Wani likita da ya yi aikin ya wanke hannu ya tafi gida. Shi kuwa sai ya riƙa tambayar kowa garinsu, yana ɗigawa a taswira, har ya ga mutanen gabashin ƙasar sun fi na yamma samun ciwon nesa ba kusa ba. Ya rubuta wannan aka buga. A 1948 aka mai da shi babban asibitin Mulago a Kampala.

A 1957 wani abokin aikinsa, Likita Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara biyar. Muƙamuƙin yaron ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagun, wuri huɗu, haƙora duk suna girgiɗi. Burkitt bai taɓa ganin irinsa ba. Sankara ta kan fara a wuri guda ne, ba ta kan tashi wuri huɗu gaba ɗaya ba. Ya ɗauki hoton yaron, ya rubuta abin da ya gani, ba abin da ya iya yi masa, yaron ya mutu. Bayan 'yan makonni ya tafi rangadi asibitin Jinja, yana cikin zagaya majinyata sai ya hango ta taga wani yaro zaune a ciyawa da uwarsa, fuskarsa kamar ta na farko. Ya fita ya duba shi. Da ya lalluba cikin yaron sai ya ji ƙulli a ciki kuma.

Ƙullin nan na ciki shi ne mabuɗin al'amarin. Ya koma Mulago ya sa aka fito da tsofaffin takardun majinyata da na gawawwakin yara da aka buɗe. Sai ya tarar duk yaron da aka rubuta yana da kumburin muƙamuƙi, in an buɗe shi a kan sami irin tsiron a ƙoda, ko hanta, ko ƙwan mahaifa in mace ce, ko bayan ido, ko jikin laka. Da can kowanne da sunan da a ke ba shi. In a ido ya fito a ce sankarar ido ce, in a ƙoda a ce ta ƙoda ce. Burkitt ya ce duk ciwo ɗaya ne mai fitowa a wurare da yawa. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Ingila. Kusan ba wanda ya kula. Sai da abokan aikinsa masu duba tsoka a madubin likita, Gregory O'Conor da Jack Davies, suka tabbatar limfoma ce, watau sankarar fararen ƙwayoyin jinin nan masu tsaron jiki, waɗanda ke taruwa a kaluluwa da saifa da ɓargo, sa'an nan aka fara saurarensa.

Kada a ce shi ya fara ganin ciwon. Likita Albert Cook ya rubuta labarin irin wannan kumburi a Yuganda tun farkon ƙarnin, likitoci a Ikko ma sun ambaci irinsa cikin 1934. Iyayen yara kuwa sun riga kowa gani. Abin da Burkitt ya yi shi ne ya tattara abin da ke warwatse, ya kuma yi tambayar da ubansa ya kan yi wa tsuntsaye: ina iyakar ƙasar wannan abu?

Aka ba shi taimakon kuɗi har sau biyu, jimla fam 25. Ya buga 'yan takardu masu hoton yaran, ya sayi kan sarki, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan wajen dubu ko'ina cikin Afirka, yana tambaya ko sun taɓa ganin haka. Amsa ta riƙa zuwa kaɗan kaɗan. Ya kafa taswirar Afirka a bango, duk inda aka ce an gani sai ya soka allura. A kwana a tashi allurai suka yi ɗamara a tsakiyar Afirka, daga bakin teku na yamma har na gabas, da wata jela da ta gangara kudu ta gefen gabas. Arewa da ɗamarar ba kome, kudu da ita ba kome.

Wasiƙa ba ta isa ta nuna ainihin inda iyaka ta ke ba. Saboda haka cikin Oktoba, 1961, shi da abokansa biyu likitocin mishan, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford suka nufi kudu. Williams gwanin gyaran mota ne, abin da ya yi musu rana ke nan. Suka yi mako goma a hanya, suka ci mil wajen 10,000, suka ratsa Tanganyika da Nyasaland da Rodeshiya da Mozambik har Afirka ta Kudu, suka shiga asibiti fiye da hamsin. Ko'ina suka sauka sai su nuna hotuna, su tambayi likita da masu jinya, su buɗe littattafan asibiti, su rubuta ƙauyen da kowane yaro ya fito. Duk kuɗin tafiyar bai kai fam 700 ba.

Abin da suka samo ya ba da mamaki. Kusa da tsakiyar duniya ana samun ciwon ko'ina sai a kan tuddan da suka wuce ƙafa 5,000. Da aka gangara Nyasaland sai iyakar ta sauko ƙafa 3,000. Can kudu kuwa ba a samunsa sai a kwari da bakin teku, ƙasa da ƙafa 1,000. Wani masanin ƙwari a Entebbe, Alexander Haddow, ya dubi taswirar ya ce ai sanyi ne ke yin iyakar, tudu dalili ne kurum. Duk inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 60 a ma'aunin Faranhait, watau wajen 15 a ma'aunin da mu ke aiki da shi yanzu, ciwon ba ya zama.

Daga nan Burkitt ya zo Afirka ta Yamma, a nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A kudancin Nijeriya ya tarar da ciwon birjik. Da ya hauro Kano, ƙasa mai ɗimbin jama'a, ga zafi kuma ba a magana, sai aka ce masa ba safai a kan gan shi ba. Ashe zafi kaɗai bai isa ba, sai da damshi. To, mene ne ba ya son sanyi, ba ya kuma son fari? Ƙwaro. Haddow ya ɗauko taswirar wuraren da sauro da tsando ke yawa ya aza kusa da ta Burkitt, suka yi kama ƙwarai.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan. Maganar damshi gaskiya ce, amma kada wani ya karanta wannan ya ce mu nan Arewa mun tsira. Littafin asibiti ba ya ƙidaya kowa sai wanda ya zo asibiti, a zamanin nan kuwa asibitoci nawa ne tsakanin Kano da Yerwa, mutum nawa ne kuma za su ɗauki yaro mai kumburin fuska su yi kwana da kwanaki a hanya su kai wa Bature? Da aka buɗe asibitocin koyarwa a Zariya da Kano da nan Maiduguri, rahotannin likitocinsu sun nuna ciwon Burkitt yana cikin sankarorin da suka fi yawa ga yara a Arewa. Mu a gefen ɗamarar mu ke, ta wajen arewa, amma muna ciki. Wanda ya kwana kusa da fadama ko bakin Tafkin Chadi da damina ya san ba mu da ƙarancin sauro.

Tun kafin tafiyar nan, ran 22 ga Maris, 1961, Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex a Landan. Cikin masu sauraro akwai wani mai binciken ƙwayoyin cutar nan da a ke kira bairas, Anthony Epstein. Da ya ji cewa wurin zaman ciwon yana bin yanayin ƙasa, sai ya zaci lalle akwai bairas a ciki. Ya roƙi Burkitt ya riƙa aiko masa da gutsuren tsiron ta jirgin sama daga Kampala. Aka yi ta aikawa, ya yi ta nema, kusan shekara uku bai ga kome ba. Cikin Disamba, 1963, hazo ya hana jirgi sauka a Landan, aka karkata shi Manchesta, saƙo ya makara. Da ya iso sai ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi kamar ya lalace. Epstein bai zubar ba, ya ɗiga a madubi. Ashe girgizar doguwar tafiya ce ta kakkaɓo ƙwayoyin tsiron, suna yawo cikin ruwan da ransu. Ya rene su suka hayayyafa, a cikinsu ne shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairas ɗin da babban madubi mai aiki da lantarki, suka ba da sanarwa a 1964. Shi ne bairas na farko da aka kama da hannu cikin sankarar ɗan Adam. A Badun ma, a 1963, wani likita wai shi Pulvertaft ya rene irin ƙwayoyin nan daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya, har yau kuwa ana aiki da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya.

Sai kuma wata matsala ta taso. Da aka bincika sai aka tarar bairas ɗin nan yana jikin mutum tara cikin goma na manyan duniya duka, har ƙasashen ƙanƙara, ta yawu a ke ɗaukarsa, ba ruwansa da sauro. Me ya sa ke nan ciwon ya tsaya a ɗamarar Afirka? Amsa ita ce zazzaɓin cizon sauro. Wani likitan Amurka, Gilbert Dalldorf, ya riga ya kawo wannan zato, Burkitt kuma ya ƙarfafa shi, gama ya lura ciwon ba shi da yawa a tsibirin Zanzibar da birnin Kinshasa inda aka yi yaƙi da sauro, ga shi kuwa yana da yawa a Niyu Gini, can gabashin duniya, inda zazzaɓi ya yi katutu. Yadda aka fahimci abin yanzu, zazzaɓin da ke kama yaro a kai a kai yana tilasta wa fararen ƙwayoyin jininsa su yi ta rabuwa suna ƙaruwa, yana kuma raunana tsaron da ke danne bairas ɗin. Cikin wannan gaggawa sai a sami kuskure a zarurrukan gado da ke cikin ƙwaya guda: guntun zare na 8 ya tsinke ya manne a na 14, abin da ke ba ƙwaya umurnin rabuwa ya faɗa inda ba ya samun hutu. Daga ƙwaya ɗayan nan tsiro ke tashi. Ba a san sankarar da ta fi ta saurin girma a jikin mutum ba, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwayoyinta kan iya ninkawa.

Fiɗa ba ta da amfani ga ciwon da ke wuri biyar ko shida. Injin gasa sankara da haske kuwa babu shi a Yuganda a lokacin. Burkitt ya mai da wannan rashi abin ciniki. Ya nuna wa masu yin magunguna cewa a wurinsa ne za a ga ainihin aikin maganinsu, tun da yaransa ba a yi musu wani abu dabam ba, suka ba shi kyauta. Aka fara ba yara methotrexate, daga baya cyclophosphamide da vincristine. Abin da ya faru ya girgiza likitoci. Kumburin da ya rufe wa yaro ido da baki sai ya narke cikin mako biyu ko uku, wani lokaci da allura ɗaya ko biyu, haƙora su koma su kafu. Saurin nan da ya sa ciwon ya zama mugu shi ne kuma lagonsa, don magungunan ƙwaya mai rabuwa su ke kashewa. Peter Clifford yana irin wannan aiki a Nairobi, Victor Ngu, mutumin Kamaru, yana yi a Badun. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba babbar kyautar Lasker ta Amurka saboda wannan. Yau a ƙasashe masu wadata yara tara cikin goma kan warke. A Afirka abin bai kai haka ba ko kusa, babban dalili kuwa makara da yanke magani a tsakiya.

Malamin makaranta ya kan ga fuskar yaro kowace safiya, saboda haka ya kyautu ya san bambanci. Hangum ya kan zo da zazzaɓi, ya bi yara da yawa a aji, ya sauka da kansa cikin mako guda ko biyu. Wannan kuwa yaro ɗaya ya ke kamawa, sau da yawa ba ya ciwo sosai da fari, kullum ƙaruwa ya ke yi, haƙoran wurin su yi girgiɗi, ko ido ya turo, ko ciki ya yi ƙulli, ko ƙafafu su mutu farat ɗaya. Kwana goma da za a ɓata wajen cire haƙori ko sakiya, ga ciwo mai irin wannan sauri, ba kaɗan ba ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da irinsa su ne wurin zuwa.

Akwai abin da ya dami Burkitt da abokansa wanda ba su da maganinsa a zamaninsu. In kumburin fuska ya sauka, ta yaya za a san na cikin ciki ma ya mutu? Abin da ke hannunsu yatsu ne da hoton ƙashi, sai kuwa wuƙa. Yaro ya kan tafi gida ana murna, bayan wata biyu ya dawo da ciwon a wani wurin da ba wanda ya gani. Ilmin da ya toshe wannan kafa ya fito ne daga wani fanni dabam, na abubuwan nan masu fid da haske wanda ido ba ya gani. Wani masani mutumin Hangari, George de Hevesy, shi ya fara nuna cewa in ka gauraya ɗan kaɗan na irin wannan abu da wani abin da jiki ke sha, kana iya bin sawunsa daga waje ka ga inda ya tafi. Ya sami kyautar Nobel ta 1943 a kan haka. Dabarar tsohon Burkitt ce ta sa wa tsuntsu zobe a ƙafa, sai dai wannan zoben haske ya ke yi.

A 1969 waɗansu likitoci biyu a Oak Ridge ta Amurka, Edwards da Hayes, suka yi wa wani mai limfoma allurar wani ƙarfe wai shi galiyam don su ɗauki hoton ƙashinsa, sai suka ga ƙarfen ya taru a kaluluwar da ke da ciwon. Shekaru da yawa da galiyam a ke neman limfoma, ko da ya ke sai an jira kwana biyu ko uku bayan allura, hoton kuma dishi-dishi ne. Wanda ya gaje shi sukari ne. Tun wajen 1925 Otto Warburg na Jamus ya nuna ƙwayar sankara mayunwaciya ce, tana shan sukari fiye da lafiyayyar ƙwaya ninkin ba ninkin. A 1976 aka haɗa wani irin sukari a Amurka wanda aka liƙa wa fulorin 18, mai fid da hasken nan. Ƙwaya ta kan haɗiye shi tana zaton abinci ne, amma ba ta iya ƙona shi, ba ta kuma iya fid da shi da sauri, sai ya maƙale. A 1987 aka fara ba da rahoton ganin limfoma da shi, a ƙasar Finlan.

Ga yadda a ke yi yanzu. Majinyaci ya kan yi sa'a huɗu zuwa shida bai ci kome ba, a yi masa allurar sukarin a jijiya, ya kwanta shiru wajen sa'a guda. Sa'an nan a tura shi a hankali cikin wani inji mai kama da ƙaton zobe, wanda a ke kira PET. Duk sa'ad da ɗigon fulorin ya fashe, haske biyu ke fita, ɗaya ya yi nan ɗaya ya yi can, baya da baya sak. Zoben ya kama su biyun a lokaci guda, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu, inda dubban layuka suka gicciye nan sukarin ya taru. Tun 2001 a kan haɗa injin da na hoton CT, mai nuna surar gaɓoɓi, don a san ko hasken a hanta ya ke ko a bayanta. Cikin rabin sa'a likita ya ga jiki duka daga kai har cinya, duk inda limfoma ta ɓuya yana haske. Abin da Burkitt bai iya gani ba sai a gawa, yanzu ana ganinsa a jikin mai rai.

Babban amfaninsa ma sai bayan an fara magani. Limfoma ta kan bar ƙulli a ƙirji ko a ciki ko da ta mutu, kamar kututturen itacen da aka sare. Hoton CT ƙulli kawai zai nuna. Amma mataccen ƙulli ba ya shan sukari, saboda haka in wurin ya yi duhu an san tabo ne, in yana haske da sauran aiki. A 2009 likitoci suka taru a Deauville ta Faransa suka shirya ma'auni mai daraja biyar, ana gwada hasken ƙullin da na jinin ƙirji da na hanta. Makin nan akasin na makaranta ne: mai 1 ya fi kowa murna, har zuwa 3 a kan ce magani ya ci, 4 da 5 kuwa ƙullin ya fi hanta haske ke nan. A irin limfomar da a ke kira ta Hodgkin, a kan ɗauki hoton bayan zagaye biyu na magani, in ya yi kyau a rage wa mutum dafin magani, in bai yi ba a ƙara ƙarfi.

Hoton ba ya faɗin sunan ciwo. Ƙwaƙwalwa da mafitsara kullum suna haske, zuciya ma sau da yawa, haka kuma duk inda miki ko ƙurji ya ke. Kaluluwar mai tarin fuka ta kan yi haske kamar ta mai limfoma, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da tibi ke da yawa. Don haka har gobe sai an ɗebi tsoka an duba a madubi kafin a ce limfoma ce. Sa'an nan ga wuyar samu. Fulorin 18 ba ya ajiyuwa, kowane minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Mai son lissafi ya gwada: bayan sa'a 11 saura kashi ɗaya cikin 64, bayan sa'a 22 saura ɗaya cikin 4,096. Tilas injin da ke ƙera shi, wanda a ke kira saikulotoron, ya kasance kusa da injin hoton. A Nijeriya an buɗe sashen irin wannan aikin haske a Asibitin Koyarwa na Badun a 2006, akwai kuma a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, injin PET kuwa sai bayan 2020 aka fara kafa shi, a Ikko, fiye da kilomita 1,500 daga Maiduguri. Ga yaro mai ciwon Burkitt likita ba zai tsaya jiran wannan tafiya ba. Da an tabbatar da ciwon a madubi, an duba ciki da hoton nan irin na masu juna biyu, an gwada ɓargo da ruwan laka, sai a fara magani.

Mu koma ga mai labarin. A 1964 ya ajiye wuƙar fiɗa ya koma bincike ɗungum, a 1966 ya bar Yuganda ya koma Ingila. Can ya gamu da wani tsohon likitan sojan ruwa, Peter Cleave, mai cewa yawancin cututtukan Turawa daga tataccen abinci su ke, farin gari da sukari. Burkitt ya tuna shekara ashirin da ya yi yana buɗe cikin mutane a Afirka, da wuya ya ga sankarar babban hanji ko tsakuwar matsarmama, ga su kuwa sun cika asibitocin Ingila. Ya sake ɗaukar dabararsa ta dā, wasiƙu da taswira. Har bayan gidan mutane ya sa aka riƙa aunawa a sikeli, na ƙauyawan Afirka da na Turawa, ana duba kwana nawa abinci ke yi kafin ya fita. Ya ce abin da Turawa suka rasa dusa ce, wadda su ke cirewa su zubar. Suka yi masa dariya da fari, daga baya littafin da ya rubuta a kan haka a 1979 ya sayu ƙwarai. Ba duk abin da ya jingina wa rashin dusa ne bincike ya tabbatar ba, ya ɗan zarce a waɗansu wurare, amma gindin maganar ya tsaya, musamman game da sankarar hanji. Mai cin tuwon dawa da wake da miyar kuka ba shi da abin jin kunya a nan.

Ya yi sauran kwanakinsa yana yawon lacca ƙasa ƙasa, har ya tsufa bai daina ba. Ya mutu ran 23 ga Maris, 1993, a Gloucester ta Ingila, bayan shanyewar jiki ta same shi, yana da shekara 82. Aka binne shi a ƙauyen Bisley, kusa da inda ya zauna. Epstein, wanda ya saurari laccarsa a 1961, ya rayu har Fabrairu, 2024, ya mutu yana da shekara 102.